Ƙungiyoyin Rawa Na Ƙasar Godogodo Da Darasin Mutanen Sikotlan

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Godogodo cikin watan Disamba, lokacin da hunturu ya sauka, an yanke dawa, an sussuke acca an zuba a rumbu, ya san ba a barci da wuri a wannan yanki. Da zarar an ci tuwon dare sai a ji ganga ta tashi daga wannan unguwa, ƙaho ya amsa daga waccan, sa'an nan muryoyin mata su biyo baya da amshi. Baƙo zai ɗauka wani biki ake yi. To, ba a kai ga bikin ba tukuna, gwaji ne. Ƙungiyoyin rawa ne na ƙauyuka da na unguwanni suke shirin bukukuwan ƙarshen shekara, domin ba wadda take so a fita fili ta ji kunya a gaban sarki da baƙi.

Waɗannan ƙungiyoyi ba su da ofis, ba su da albashi, galibinsu kuma ko rajista ba su yi ba. Duk da haka su ne suke riƙe da wani babban sashe na tarihin jama'ar kudancin Jihar Kaduna, watau waƙoƙi da take da salon rawa waɗanda ba a rubuta su a littafi ba. Abin tambaya a yau shi ne, ko wannan gado zai kai ga jikoki, ganin irin wahalar da yankin ya sha da kuma yadda zamani yake sauyawa.

GARIN KUZA, MAHAƊAR JAMA'A

Godogodo tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, kudu da Kafanchan, ba nisa da Gidan Waya inda Kwalejin Horon Malamai ta Jihar Kaduna take. Garin ya bunƙasa ne a zamanin haƙar kuza, lokacin da kamfanonin Turawa suka bazu daga Jos da Bukuru zuwa gangaren tsaunuka suna ɗibar lebura daga ko'ina. Hausawa daga Kano da Zazzau da Katsina sun zo, mutanen Filato sun zo, Fulani makiyaya suna kewaye da shanunsu, ga kuma 'yan ƙasa irin su Nindem da Kaninkon da maƙwabtansu Numana da Ninzo. Da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta ratsa ta Kafanchan a 1927, aka kuma ja reshe zuwa Jos, sai Ibo da Yarabawa ma'aikatan reluwe suka ƙaru a kan waɗanda suke nan.

Kowace jama'a ta zo da kiɗanta. Ranar da aka biya lebura, bariki kan cika da kalangu da goge da garaya, can gefe kuma 'yan ƙasa suna busa ƙaho da sarewa, sun ɗaura akayau a ƙafa suna jijjiga ƙasa. Ta haka yaron da ya tashi a irin wannan gari yakan san take uku ko huɗu waɗanda ba na gidansu ba, kuma yakan iya taka su.

Haƙar kuzan nan ce ma ta tono wa duniya shaidar daɗewar fasaha a wannan yanki. A 1928 aka fara tsintar gumakan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg a Jos wani kan mutum na yumɓu da aka samu a wata mahaƙa ta ƙasar Jama'a. Masana sun tabbatar waɗannan gumaka sun haura shekara 2,000, kuma a jikin da yawa daga cikinsu ana ganin kitso da duwatsun wuya da mundaye. Ashe ado da kwalliya ba baƙi ba ne a wannan ƙasa.

YADDA ƘUNGIYA TAKE TAFIYA

A da can, rawa ba ta bukatar ƙungiya, domin rayuwar gari ce gaba ɗayanta. Akwai kiɗan gayya da ake yi wa manoma a gona don su ƙara himma, akwai na farauta, akwai na aure, akwai na makokin tsoho wanda ya cika shekaru ya bar jikoki, akwai kuma na dodo wanda mata da yara ba su da izinin sanin asirinsa. Yaro ba ya zuwa koyo, yana tashi ne ya ga ana yi, ya bi sahu.

Da addinin Kirista da na Musulunci suka yaɗu, makarantun boko suka kwashe yara, aikin albashi kuma ya kwashe samari zuwa Kaduna da Jos da Ikko, sai wancan tsari ya raunana. Mutane da yawa suka bar abin da ya shafi tsafi. Amma ba su yarda su rabu da kiɗan iyayensu duka ba. Sai aka ware raye-rayen da ba ruwansu da asiri, aka kafa musu ƙungiyoyi.

Mai karatu zai so ya san yadda irin wannan ƙungiya take. Yawanci akwai shugaba, dattijo ko dattijuwa wadda ake jin maganarta. Akwai magatakarda mai riƙe littafin sunaye, da ma'aji mai karɓar kuɗin wata. Akwai mai ba da waƙa, akwai makaɗa da mabusa, sa'an nan akwai mai gaba, wanda idan ya juya kowa ya juya, idan ya durƙusa kowa ya durƙusa. Wanda ya makara zuwa gwaji akan ci shi tara. Daga kuɗin da aka tara ake sayen anko, a sauya fatar ganga, a ɗauki hayar mota ran tafiya wani gari. Idan aka gayyace su wurin aure ko naɗin sarauta, abin da aka samu na liƙi akan raba wani, a ajiye wani a asusu.

Amfanin ƙungiyar bai tsaya ga fili ba. Idan matar ɗan ƙungiya ta haihu, su ne a gaba ran suna. Idan ya kwanta asibiti, akan yi karo-karo. Idan ya rasu, su za su raka shi, su zauna da iyalinsa. Wasu ƙungiyoyin suna haɗawa da adashi, wasu kuma da damina sukan yi wa junansu gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma talaka a karkara ba shi da wani inshora da ya wuce irin wannan zumunci.

Ban da na gargajiya zalla, akwai wasu ƙungiyoyi biyu da duk mai maganar kiɗa a wannan yanki ba zai tsallake su ba. Ta farko ita ce Zumuntar Mata ta majami'u, waɗanda suke taruwa mako-mako da ankonsu, suna kaɗa tulu da ganga da caki, suna waƙa da Hausa da harsunan gida, suna takawa a jere cikin natsuwa. Su ne suka fi kowa adana salon muryar tsofaffin waƙoƙin mata, ko da yake kalmomin sun zama na ibada. Ta biyu kuwa ita ce ta 'Yan Birged, yara maza masu fareti da ganga da bigila. Wannan ƙungiya asalinta daga Sikotlan take, domin a birnin Gilasgo William Alexander Smith ya kafa ta a 1883, mishan kuma suka kawo ta Nijeriya. A ɓangaren Musulmi kuwa, mata suna da kiɗan ƙwarya da shantu a gidajen biki, samari suna da nasu wasannin Sallah, Fulani kuma suna da nasu taron da kiɗansu.

KALANDAR SHEKARA

Babbar ranar da ƙungiyoyin yankin suke sa wa ido ita ce 1 ga Janairu, ranar bikin Afan a Kagoro. Kalmar Afan tana nufin dutse ko tsauni a harshen mutanen Kagoro, kuma asalin bikin shi ne godiya bayan girbi da buɗe lokacin farauta a kan tsaunin da ya yi wa garin rumfa. A zamanin Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har rasuwarsa a 2008, aka tsayar da bikin a ranar farko ta sabuwar shekara, ya kuma zama taron da jama'a suke zuwa daga nesa. Maharba sukan fito da kwari da baka suna busa ƙaho, 'Yan Birged su yi fareti, sa'an nan ƙungiyoyin rawa su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban sarki da manyan baƙi. Ba na Kagoro kaɗai suke fitowa ba, maƙwabta ma sukan kawo nasu.

Wajen lokacin Ista kuwa hankali yakan koma Kwoi, inda mutanen Ham, waɗanda Hausawa suke kira Jaba, suke bikin Tuk-Ham da aka fara a zamanin Kpop Ham Danladi Gyet Maude. Bajju da Atyap da Moro'a da Kagoma da sauransu kowa yana da ranar tasa. Har wa yau, a watan Disamba na 2023 an fara wani babban taron al'adu na kudancin Kaduna baki ɗaya a Kafanchan. Tsakanin waɗannan manyan ranaku kuma akwai ƙananan hidimomi da ba su yankewa: aure, naɗi, bikin kammala karatu, tarbar baƙo, da ranar al'adu da ƙungiyoyin 'yan gari mazauna Kaduna da Abuja suke shiryawa.

ABIN DA YA TAƁA GANGA

Wannan yanki ya ga tashin hankali ba sau ɗaya ba. An yi rikicin Kafanchan a watan Maris na 1987, aka yi na Zangon Kataf a 1992, aka yi na bayan zaɓe a watan Afrilu na 2011. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomin yankin sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da ƙauyukan ƙasar Godogodo suka sha hare-hare, shi kansa garin aka auka masa a watan Oktoba, aka yi asarar rayuka, aka ƙone gidaje, jama'a suka watse. A watan Disamba na shekarar gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf. Babu al'ummar da ba ta yi kuka ba a waɗannan shekaru, manoma da makiyaya, Kirista da Musulmi.

Idan ana lissafin asarar irin wannan fitina, akan ƙidaya rayuka da gidaje da rumbuna, kuma daidai ne a fara da su. Amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Idan gida ya ƙone, ganga da ƙahon da aka gada tun kakanni sun tafi. Idan tsohon da ya san waƙoƙi hamsin ya rasu a gudun hijira, waƙoƙin sun bi shi kabari. Idan dare ya zama abin tsoro, ba mai fita gwaji. Mafi muni kuma, maƙwabtan da a da suke zuwa kallon wasan juna sai kowa ya tsaya a unguwarsu, yara su tashi ba su taɓa jin kiɗan wancan ɓangare ba sai labarin ɓarnarsa.

Bayan wannan akwai matsin tattalin arziki. Kuza ta daɗe da faɗuwa, tashar jirgin Kafanchan ba ta da cinkoson da aka san ta da shi, kuma a 2023 wata cuta ta cinye gonakin citta, wadda ita ce babbar hanyar samun kuɗi ga manoman yankin da yawa. Mutumin da bai biya kuɗin makarantar ɗansa ba, da wuya ya biya kuɗin anko. Sa'an nan ga lasifika. Mai aure a yau yakan ga ya fi masa sauƙi ya ɗauko yaro ɗaya da na'urar kiɗa da janareto, maimakon ya ciyar da mutum talatin ya kuma biya musu mota.

MATA BIYU A BIRNIN GILASGO

Ba mutanen kudancin Kaduna ne farkon waɗanda suka tsinci kansu a irin wannan hali ba. Sikotlan ƙasa ce ta tsaunuka arewa da Ingila, cikin tarayyar Birtaniya. Masu karatun tarihi sun san wani ɗanta, Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827. Mutanen wannan ƙasa suna da wata rawa ta haɗin gwiwa da suke yi tun ƙarni na 18, a gidajen attajirai da rumfunan ƙauye baki ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ƙare a 1918, rawar nan ta kama hanyar mutuwa. Samari da yawa sun halaka a fagen fama, waɗanda suka komo kuma hankalinsu ya tafi ga sababbin kaɗe-kaɗen da suke shigowa daga Amurka. Sai wasu mata biyu suka tashi tsaye. Ɗaya ita ce Ysobel Stewart, shugabar ƙungiyar 'yan mata masu horo ta lardin Argyll, wadda take so 'yan matanta su koyi rawar ƙasarsu. Ɗayar kuwa Jean Milligan, malamar motsa jiki a Kwalejin Horon Malamai ta Jordanhill. A watan Nuwamba na 1923 suka kira taro a Gilasgo, aka kafa Ƙungiyar Rawar Karkara ta Sikotlan, wadda a yau ake taƙaita sunanta da RSCDS.

Abin da suka fara yi shi ne rubutu. Suka bi tsofaffin takardu, suka tambayi tsofaffin da suka yi rawar da ƙafarsu, suka fitar da ɗan littafi mai ɗauke da rawa 12, kowace da bayanin takunta da kiɗanta. Daga nan littattafai suka yi ta biyo baya. Abu na biyu shi ne horar da malamai, da yi musu jarrabawa, da ba su takardar shaida. A 1927 suka fara makarantar bazara a garin St Andrews, inda masu rawa suke taruwa shekara-shekara. A 1951 Sarki George na Shida ya ba ƙungiyar lambar girma ta gidan sarauta, 'yarsa Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma ta kasance uwar ƙungiyar har rasuwarta a 2022. Hedkwatarta tana birnin Edinbara, ta cika shekara 100 a 2023, tana kuma da rassa a Kanada da Amurka da Ostireliya da Jamus har da Japan, inda mutanen da ba su haɗa jini da Sikotlan ba suke taka rawar kamar a gidansu aka haife ta.

RAYUWAR ƘARAMIN KULOB

Ƙarfin wannan tafiya ba a hedkwata yake ba, a ƙananan kulob na unguwa yake. Irin wannan kulob yakan yi hayar zauren majami'a ko na makaranta dare ɗaya a mako, yawanci daga kaka zuwa bazara. Malami ya koyar da taku, a gwada, a sake gwadawa. Tsakiyar zama akan tsaya a sha shayi, kowa ya fito da ɗan abin da ya toya daga gida, a tambayi lafiyar wanda bai zo ba.

Ita rawar, galibi mutum takwas suke yin ta, maza huɗu a sahu ɗaya, mata huɗu suna fuskantarsu. Ma'auratan da suke kan gaba su fara, su ratsa tsakanin sauran, su kama hannu, su kewaya, sannu a hankali su gangara ƙarshen sahu, na bayansu su hau gaba. Ba a tashi sai kowa ya yi nasa zagayen a gaba. Kiɗan iri uku ne: ril da jig masu sauri, da sitirasfe mai tafiyar ƙasaita, ana yin su da goge irin na Turawa da akodiyon da piyano. Al'adarsu ce a sauya abokin rawa bayan kowace rawa, don kada baƙo ko sabon shiga ya zauna shi kaɗai a bakin bango.

Su ma suna da kalandarsu. Akwai ranar 30 ga Nuwamba ta waliyyin ƙasarsu Andarawus, akwai daren shiga sabuwar shekara, akwai 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙinsu Robert Burns. Sau ɗaya a shekara akan yi babbar liyafa, maza su ɗaura ɗan zanen nan nasu mai ratsi-ratsi da ake kira kilt, mata su sa dogayen riguna. Tun kafin ranar akan rarraba takardar jerin raye-rayen da za a yi da taƙaitaccen bayanin kowace, domin kulob na maƙwabta su shirya su zo. Wasu kulob sukan kai wasa gidajen tsofaffi da makarantu. A ƙarshen shekara a yi babban taro, ma'aji ya karanta lissafi, a zaɓi shugabanni. Duk wanda ya san ƙungiyar rawa ta ƙauye a ƙasar Jama'a zai ga ba wani baƙon abu a nan, in ban da rubutun.

Akwai wani labari nasu da ya dace da mutanen Godogodo. A 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun kama dubban sojojin runduna ta 51 ta Sikotlan a Faransa. Wasu hafsoshinsu da aka tsare a sansanin Laufen, don kada zuciya ta karaya, suka ƙirƙiri sabuwar rawa a cikin kurkukun, suka aika da bayaninta gida cikin wasiƙa. Rawar ta yaɗu tun yaƙin bai ƙare ba, aka sa ta cikin littattafan ƙungiyar, har gobe kuma ana yin ta da sunan rundunar. Watau wahala ba dole ta kashe kiɗa ba, wani lokaci ma ita take haifar da sabo.

GYARA DA HATTARA

Ba a ce duk abin da mutanen Sikotlan suka yi daidai ne ba. Da aka tsayar da salo ɗaya a littafi, aka ce shi ne sahihi, sai bambance-bambancen da ke tsakanin ƙauye da ƙauye suka yi ta ɓacewa. Wasu masu bincike, Tom Flett da matarsa Joan, waɗanda suka zaga karkara suna hira da tsofaffi suka kuma buga littafinsu a 1964, sun nuna cewa yadda talakawa suke rawar a da ya bambanta da yadda ƙungiyar take koyarwa. Bugu da ƙari, kulob da yawa a can suna kukan cewa masu furfura sun fi matasa yawa a zaurensu.

Wannan gargaɗi ne ga kudancin Kaduna, inda arzikin yake cikin yawan iri. Rawar Kaninkon ba ta Kagoro ba ce, ta Nindem ba ta Ninzo ba ce, kai ko cikin ƙabila ɗaya ƙauye yakan bambanta da ƙauye. Tun zamanin bikin FESTAC na 1977 da gasannin al'adu na jihohi aka saba da gajarta rawa zuwa 'yan mintoci don ta dace da dandamali da alƙalan gasa. Idan aka yi sakaci, abin da zai rage shi ne wannan guntun na nuna wa baƙi, ainihin kuwa ya salwanta.

Saboda haka abin koyi daga Gilasgo ba takun ƙafa ba ne, tsari ne. Na farko, a adana. Abin da ya ci wa matan nan biyu shekaru da alƙalami, yau wayar hannu tana iya ɗaukarsa da hoto da murya cikin yini guda. Kowace ƙungiya tana iya zaunar da tsofaffinta, a ɗauki waƙa, a rubuta kalmominta da ma'anarta da lokacin da ake yin ta da sunan ƙauyen da ta fito, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya don gudun gobara. Na biyu, a koyar. Jean Milligan malamar kwalejin horon malamai ce, kuma ta hannun ɗalibanta rawar ta shiga makarantu. Ga kwaleji irin tata a Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan. Ɗalibin da aka tura ƙauyensu ya rubuto rawa ɗaya a matsayin aikin kammala karatu, gobe shi ne malamin firamare da zai koya wa yara ita. Na uku, a riƙe lissafi a fili, domin ƙungiyoyi da yawa ba rashin makaɗa ne yake kashe su ba, rigimar kuɗin liƙi ce.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne a buɗe ƙofa. Ƙa'idar nan ta sauya abokin rawa don kada a bar kowa a bakin bango, mutanen Godogodo sun san irinta tun zamanin bariki, lokacin da Bahaushe yake tsayawa kallon masu ƙaho, ɗan ƙasa kuma yake liƙa wa mai kalangu. Sarakuna da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi suna iya maido da wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: fili, da tsaro, da gayyata ga kowace unguwa, da rana tsaka idan dare bai yiwu ba. Takardar sulhu tana da amfaninta, amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Tsofaffin da suka ga zamanin kuza da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane hunturu yana tafiya da wasu. Yaran da aka haifa a shekarar da aka ƙone Godogodo sun isa ɗaura akayau yanzu. Ko za su sami wanda zai nuna musu taku, wannan ya rage ga iyayensu da malamansu da sarakunansu, kuma aikin ba na jiran gwamnatin tarayya ba ne. Mata biyu ne suka fara na Sikotlan, da ɗan littafi mai rawa 12.